Masu gaisuwa a ƙofar ɗan farina

A gidanmu uwa ba ta tambayar ɗan fari yadda ya kwana. Haka na taras a Zakka inda aka haife ni, haka kuma na kai Karare da aka yi mani aure. Kakata ta wajen uwa Bafilatana ce, kuma kunyarta muka gada, ba mu rage ko ƙwaya ba. Da na haifi na fari, namiji, ban ɗauke shi gaban mutane ba, ban kira sunanshi ba. Ana yaye shi uwata ta zo ta goya shi ta tafi da shi Zakka. Can ya tashi cikin ƙannena, ya ji suna ce mani Adda, shi ma ya kama ce mani Adda. Ni kuwa in zan ambace shi sai in ce wancan, daga baya da na samu wasu 'ya'yan in ce masu yayanku. In ya zo gaishe ni, ya durƙusa bakin ƙofa yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango, wani na tsakani yana kai magana yana kawowa. Yaran yanzu in sun ji haka sai su ce rashin so ne. Su yi ta faɗi. Ni dai na san abin da ke cikin ƙirjina duk ranar da na ji takun ƙafarshi a zaure.

Ya yi boko, ya yi nisa, ya zauna Katsina da matarshi yana aikin kwamfuta. Ni kuma bayan rasuwar ubansu, da daji ya lalace, na baro Karare na dawo Batsari wajen autata da mijinta. Auta ita ce bakina. Da ita nake faɗa, da ita nake dariya, ita kaɗai ke iya ce mani "Inna, kin cika rigima" ta kwana lafiya.

Ita ta fahimtar da ni aikin yayanta. Ya buɗe shafi ne a intanet na cigiyar dabbobi. Wanda aka kore wa shanu, ko tumakinshi suka ɓace, sai ya tura hotonsu da irin shaidar da ke jikinsu, tsagar kunne ko lambar wuta a cinya. Wanda ya gansu a wata kasuwa sai ya sanar. Wani maƙwabcinmu ya samu bijiminshi ta haka, ya zo har ƙofar ɗakina yana godiya yana sa albarka. Na ce mashi ya tashi, ni ban san zancen ba. Da ya fita na ba auta goro biyu, ba ta tambaye ni dalili ba.

Wata ƙaramar Salla ya zo gaisuwa da waya sabuwa a leda. Ina tankaɗe a tsakar gida, ya miƙa wa auta, ya yi magana da ƙarfi yadda zan ji.

"Ke auta, ki ajiye wa Adda wannan. Na sa wani abu a ciki. Akwai wani kamfani a ƙasar waje, aikinsu ke nan su riƙa leƙa shafina a kai a kai. Na'urori gare su a garuruwa daban-daban. Su zo su yi sallama, in shafin ya amsa, wannan ɗigon da kike gani ya tsaya kore. In sun yi sallama sun ji shiru, sai ya koma ja, ni kuma in tashi in gyara. Na sa shi nan ne ko da tawa wayar za ta mutu, a samu wanda zai gani."

Auta ta kwashe da dariya. "Yaya, duk mutanen Katsina ka rasa mai duba maka sai Inna, wadda ko sunanta aka rubuta sai ta ce tururuwa ce?"

Ya ce, "Ai ta san ja, ta san kore."

Ban ɗaga kai daga rariya ba. Na ce, "Ki gaya wa yayanki ni ba mai gadin kowa ba ce. Sa ta can cikin kwalla."

Duk mu ukun mun san abin da aka yi. Ba wanda ya faɗa.

Tun daga ranar, in na shafa addu'ar asuba sai in buɗe kwalla. Auta ce ke kai wayar caji, ita ke sa mata abin da take ci, tana tsokanata wai duba-garina sun iso. Ni kuwa masu gaisuwa nake ce masu, don aikinsu ke nan, su tsaya ƙofar yaro su tambayi lafiya su kawo mani amsa, abin da ni ba ni da bakin yi.

Wani abu zan faɗa da mai karatu zai yi mamaki. Ni jan na fi so, ɗan gajeren nan. Kore ai kore ne, gida na tsaye, to madalla. Amma in ya yi ja sai in ajiye abin da nake yi in zauna da wayar bisa cinya. Kafin ruwan zafi ya tafasa sai in ga ya juye kore, in san hannunshi ne ya motsa yanzu-yanzun nan. Yana farke, yana zaune, wataƙila ya tura hula ƙeya yadda ubanshi ke yi in aiki ya kama shi. Uwar da ke kiran ɗanta a waya tana jin muryarshi, ni nawa rabon ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai wata rana, ana gab da shuka, ɗigon ya yi ja da hantsi. Na zauna. Ruwa ya tafasa, ya ƙone, ja. Azahar ja, la'asar ja. Gari ya waye, ja. Na ɗauke wayar daga kwalla na tura ƙarƙashin matashi don kada auta ta gani, domin in ta gani za ta kira shi, in ta kira shi za ta ce Inna ce ta damu, to ina zan sa fuskata? Lokacin kuma ba ranar da ba a jin an tare hanya an shiga da mutane daji. Shi kuwa mai yawon kasuwanni ne da na'urar ɗaukar hoto. Na daina cin tuwo. Na ce ciwon haƙori ne.

Da na ga abin ya ƙi, na ƙulle daddawa da man shanu, na ɗauko mayafina na fita unguwa.

Auta ta riƙe ƙugu. "Inna, ina zuwa?"

"Katsina. Zan kai wa matar yayanki daddawa."

"Yaushe kika fara kai wa suruka daddawa da ƙafarki?"

"Tun da aka gaya mani miyarta ta koma ruwan wanke hannu. Matsa mani."

Mijinta ya kai ni tasha bisa babur, na shiga bas. Duk inda direba ya rage gudu sai in leƙa taga in ga ko an tare hanya ne. Ban iya tuna ko da wa na zauna ba.

Na yi sallama gidan, matarshi ta fito da gudu ta durƙusa, ta karɓi ƙunshina. Yarinya ce mai hankali, miyarta kuma ba abin da ya same ta, Allah ya yafe mani. Ina shiga tsakar gida sai ga shi zaune bisa tabarma da kwano gabanshi, lafiya lau, yana tsakurar shinkafa. Na daure na wuce shi kamar na wuce turmi, na zauna inda aka shimfiɗa mani. Aka yi gaisuwa ta bakin matar, ya gida, ya mutanen Batsari, ya hanya. Da aka gama na kwance bakin zane na fiddo wayar, na ajiye ta bisa tabarma fuskarta sama, na ci gaba da tambayar surukata farashin tumatir.

Ya kalli wayar. Na ga wuyanshi ya sunkuya. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da kwamfutarshi, ya zauna ɗan nesa da ni, rabin bayanshi gare ni, ya fara yi wa matarshi bayanin abin da ta riga ta sani.

"Kin tuna kwanaki da wasu suka yi wa shafin rubdugu? Suka riƙa turo sallamar ƙarya ba iyaka har ya faɗi? To shi ne na yi mashi katanga, fayawol ake ce mata. Na ce da ita duk wanda ta ga ya cika ƙwanƙwasa ƙofa ta kore shi. Ashe kuma ba wanda ya kai masu leƙen nan yawan ƙwanƙwasawa. Ta haɗa da su ta kora. Shafin lafiyarshi ƙalau, mutane na shiga suna fita, su kaɗai ne ake hanawa. Su kuma da suka ji shiru suka ce gida ya mutu. Na kashe ƙarar a tawa wayar, na ce in na samu sarari in gyara. Na manta akwai wata wayar."

Na ce da surukata, "Ki tambaye shi, mai gadin nashi ba ya gane ɗan gida ne?"

Ya ce, "Ki ce wa Adda ba ya ganin fuska. Adireshi kawai ya sani. Kowace na'ura da lambarta, kamfanin ya bayyana su. Sai na rubuta mashi su ɗaya bayan ɗaya, in ce wannan namu ne, ko sau nawa ya zo a bar shi ya shiga."

"To ya rubuta mana, ko sai an yi mashi kiɗa?"

Matar ta toshe baki da mayafi. Shi ma kafaɗarshi ta girgiza. Ya fara bugawa yana faɗi a fili, wannan daga ƙasa kaza yake zuwa, wannan daga ƙasa kaza, sunayen da ban taɓa ji ba. Na ce ikon Allah, mutanen wata duniya na tasowa su gaishe da shanun ƙauyukanmu. Da ya gama ya ce sai a jira su sake zagayowa. Muka zuba wa wayar ido mu uku, kamar masu jiran nono ya yi barci. Tun da uwata ta goya shi ta fita da shi, ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ina jin numfashinshi.

A zaman nan ne na ga abin da na gani. Agogonshi ya zame ya sauko bayan hannu. Ƙafafunshi kuma sun cika, yatsun sun yi kamar a taɓa su fashe. Kwanon shinkafar yana nan kusan yadda aka zuba.

Ɗigon ya juye kore. Matar ta yi tafi. Ya ce, "Ki ce wa Adda ba zai sake faruwa ba." Na ce, "Ki ce mashi ni daddawa na kawo."

Kafin in tafi na bi surukata madafa. Na ce, "Maigidan naki yana cin abinci kuwa? Me ya sami ƙafarshi?" Ta juya mani baya tana gyara itace, ta ce, "Zama ne ya yi mashi yawa, Inna, aiki ne." Na karɓa. Ina da ido, na haifi 'ya'ya na binne wasu, na san kumburin zama na san wanda ba na zama ba. Amma an ba ni amsa, kuma wanda ya kamata in juya in tambaya yana tsakar gida, ɗan farina ne. Na yi masu sallama na kama hanya.

Ya cika alkawari. Aka yi shuka, aka yi noman farko, gero ya yi ciki, kore. Ko ɗan gajeren jan nan nawa ya daina zuwa. Na riƙa gaya wa mata a gidan biki wai aikin yara ya kafu, ba ya faɗuwa yanzu. Cikin raina kuwa ina kewar jan. Babbar Salla bai zo ba, ya aiko da rago da saƙon aiki ya riƙe shi. Auta ta riƙa zuwa Katsina fiye da da, yau awo, gobe ɗinki. Ta daina tsokanata da duba-gari. Na lura, na ce ko ita da mijinta ne, ban tona ba. Kullum asuba in buɗe kwalla, masu gaisuwa su ce mani lafiya lau, in rufe.

Ana cirar gyaɗa, wata safiya, auta ta shigo ɗakina da mayafinta a jiki da nawa a hannu. Ta ce, "Inna, tashi mu je Katsina." Na buɗe kwalla a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Kore. Na nuna mata. Sai ta zauna ƙasa ta fashe da kuka.

Asibiti muka nufa. A barandar ɗakin da yayanta yake kwance wani dogon mutum ya taso ya durƙusa gabana, ya ce shi abokin aikinshi ne, tare suke riƙe da shafin. Ƙoda ce, ya ce, an daɗe ana wankin jini, yanzu jikin ya ƙi karɓa. Na fiddo wayar na nuna mashi, na ce, "To wannan fa? Ba shi ke tashi ya gyara ba?"

Ya ce, "Inna, tun farkon damina bai taɓa kwamfuta ba. Ranar da ya miƙa mani komai abu biyu ya roƙe ni. Ya ce kamfanin nan kan ƙara sababbin na'urori, duk ranar da suka fitar da sabon adireshi in sa shi a katanga ranar, kada in kwana. In kuma shafin ya faɗi, in gyara shi kafin Adda ta idar da salla. Ya faɗi kuwa, ba sau ɗaya ba. Ni nake tashi."

Na juya na kalli auta. "Har da ke?"

"Shi ya haɗa ni da Allah, Inna. Ya ce in kin sani za ki riƙa bin hanyar nan, kuma in kin zo ba za ki iya shiga ki zauna ba, sai ki tsaya waje kina ƙonewa."

Ban zage ta ba. Masu gaisuwar ma ban ga laifinsu ba. Ƙofar shafi aka aike su, ƙofar suka je, abin da aka amsa masu suka kawo mani. Ba wanda ya ce su leƙa gadon mai gidan.

Matarshi ta fito daga ɗakin da kwanon wanke hannu, ta gan ni ta tsaya. Ta ce, "Me zan ce mashi, Inna?" Ta saba, ita ce mai kai magana. Mata na zazzaune a barandar, har da dangin ubanshi daga Karare, duk ido a kaina. Sun san abin da 'yar gidanmu za ta yi, ta zauna nan waje, ta aika a ce tana gaishe shi.

Na ce, "Je ki zubar da ruwanki."

Na cire takalma na shiga.

Ya ƙanƙance cikin gado, kamar an mayar mani da shi yadda aka ɗauke shi. Da ya ga ni ce, ni kaɗai, ya yi yunƙurin tashi ya durƙusa, jiki ya hana. Ya juya fuska wajen bango. Na tsaya wajen ƙafafunshi na dafa su ta saman zane. Sanyi gare su. Na buɗe baki, sunanshi ya zo har bisa harshena, sunan da na ji an raɗa mashi ina bayan labule, ya tsaya nan ya ƙi fita. Abin da ya fito shi ne,

"Ya jiki?"

Na ga hawaye ya bi gefen idonshi ya shiga kunne.

Ya ce, "Da sauƙi, Adda."

Me zai ce? Haka aka koya mana mu amsa, ni da shi duka.

Can ya ce, "An fara cirar gyaɗa?"

Na ce, "An fara. Bana ta yi 'ya'ya."

"Alhamdu lillahi."

Ina riƙe da ƙafafun har malamar asibiti ta shigo ta ce a ba ta wuri. Hirar da na yi da ɗan farina baki da baki ke nan a duniya, ba ni da wata. Washegari kafin azahar ya cika.

Na yi zaman makoki ido a bushe. Mata na shigowa suna yi wa matarshi da auta gaisuwa, ni su ce mani sai haƙuri a taƙaice, yadda ake yi wa uwar ɗan fari. Ina jin tsofaffi na cewa, "Kun ga 'yar asali, ko ɗigo." Na karɓi yabon, na gyara zama. Abokin aikin nashi ya zo ya ce shafin zai ci gaba, ko in cire maki abin daga waya? Na miƙa wa auta wayar na ce ta amsa mashi. Ban tambaye ta abin da suka yanke ba.

Bayan addu'ar bakwai na ce zan koma Batsari ni kaɗai, auta ta tsaya wajen matar. Na shiga bas na zauna jikin taga. Mun bar gari, mun shiga gonaki, ga mutane sun sunkuya suna cirar gyaɗa suna kifa ta a rana, sai abin ya kwance mani. Ban yi ƙara ba, amma mayafina ya jiƙe har ƙirji. Wata mata kusa da ni, da kaji biyu a ƙafarta, ban san ta ba, ba ta san ni ba, ba ta san gidanmu ba, ta dafa gwiwata.

"Baba, lafiya? Rasuwa aka yi maki?"

Na ɗaga kai.

"Allahu akbar. Wa ya rasu?"

Na duba motar. Ba ɗan Zakka, ba ɗan Karare.

Na ce, "Ɗana ne. Na fari."